Yadda ajin 'yan maza ya cinye min murya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son in rubuta wannan labarin, musamman saboda ƙannenmu da suke fitowa daga kwalejin ilimi ana tura su makarantun gwamnati, su shiga aji da murna su fito da hawaye. Ba zan kama sunan kowa ba, makarantar ma ba zan faɗe ta ba, a Kano dai take, cikin unguwannin nan na bayan gari da suka cika suka batse a 'yan shekarun nan.

Ni 'yar malami ce. Babanmu yana cikin waɗanda suka shiga koyarwa lokacin UPE, shirin nan na ilimin firamare ga kowa, wajen 1976, da takardar malanta ta Gired Tu, ya zaga ƙauyuka har ya kai hedimasta kafin ya yi ritaya. Na taso ina ganin manyan mutane masu gemu suna faka mashin a gefen titi su zo su durƙusa su gaishe shi, wai ya koyar da su a aji huɗu. To ni a idona koyarwa girma ce, ban taɓa sha'awar wani aikin ba. Na yi NCE a Hausa da Soshiyal, ticin firaktis ɗina a wata 'yar makarantar mata na yi, yara masu kunya da in ka kalle su sai su sunkuyar da kai. Daga nan aure, haihuwa, zaman gida. Da aka buɗe N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, a 2016 maigidana da kansa ya kai ni kafe aka cike min, Allah ya sa sunana ya fito, alawus ɗin dubu 30 a wata, a lokacin kuɗi ne masu auki a wajen mace mai 'ya'ya biyu.

Sai aka tura ni ƙaramar sakandaren maza.

A kwaleji abin da aka koya mana shi ne aji ɗalibai 35 zuwa 40. Ajin da aka damƙa min, wani aji biyu, a rajista sun haura 120. Bencinan da ke ciki ko rabinsu ba za su ɗauka ba, wasu a ƙasa, wasu a kan taga, tagar ma babu murfi. Akwai ɗan shekara 12 da ko muryarsa bata buɗe ba, akwai wanda ya fara aske gemu, ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Su manyan su ne 'yan baya, su ke da bencin ƙarshe, kuma ko ba a faɗa maka ba kana shiga za ka gane ajin nasu ne.

Iskancin da suke yi kala-kala ne amma wanda ya fi ci min rai shi ne gurnani. Ina juya baya zan yi rubutu a allo sai a fara "mmmmm" baki a rufe, daga can baya ya taho har tsakiyar aji, in na juyo kowa ya zuba min ido fuska ba yabo ba fallasa, kuma sautin yana nan bai tsaya ba, ba za ka taɓa gane daga bakin wa yake fitowa ba. Wani ya yi kukan mage, wani na akuya. A jefi ƙaramin yaro da ƙwallon goruba a ƙeya. "Anti zan je fitsari", in na bar ɗaya sai goma su miƙe, in na hana a ce na hana bawan Allah fitsari. Akwai ranar da na buɗe gwangwanin alli na tarar da ƙadangare a ciki an ɗaure masa wutsiya da zare, ihun da na yi sai da malamin ajin kusa ya leƙo, su kuwa har da masu faɗuwa ƙasa don dariya.

Maganin da makaranta take da shi guda ɗaya ne, malamin horo da dorinarsa. In na kai ƙara sai ya zo ya fitar da ajin gaba ɗaya rana, mai laifi da marar laifi, kamun kunne, tsallen kwaɗo, sannan a bi layi kowa ya karɓi nasa. Lokacin darasina ya tafi kenan. Manyan ko gezau, har gasa suke wa zai sha bulala bai motsa ba, ƙananan da ba su ji ba ba su gani ba su ne za su dawo suna kuka, su kuma tsane ni. Washegari gurnanin ya fi na jiya. Sannan akwai monita. Tun kafin in zo an ɗauki babban cikinsu an ba shi monita, wai ai ɗan daba sai ɗan daba, aka kuma ba shi tsumagiya. Shiru yana samuwa in ya ga dama, amma ashe ƙananan yara biyansa suke daga kuɗin tararsu don kar ya rubuta sunansu a masu surutu.

Ni kuma abin da nake da shi murya ce, sai na dinga amfani da ita. Daga safe har a tashi ihu nake, "ku yi shiru", "kai zauna", in buga dasta a tebur, darasin ma da ƙaraji nake yin sa don na baya su ji, ga ƙurar alli ga ta hunturu. In na dawo gida maƙogwarona kamar an zuba barkono, sai citta da kanumfari da zuma. Abin da ya fi damuna shi ne na fara kawo ihun gida. Ɗiyata ta zubar da shayi na daka mata tsawar da ta saki fitsari a tsaye, yarinya 'yar shekara huɗu. Duk daren Litinin cikina sai ya murɗa, ba na iya barci, ina kwance ina jin gurnanin nan a kunnena. Maigidana ya ce, "Wallahi dubu talatin ba za ta kashe min ke ba, ki ajiye musu abinsu." Ni ma zuciyata ta gama ajiyewa, kunyar Baba ce kawai ta riƙe ni.

Da na je gida na faɗa masa ina kuka, na zata zai ce in yi haƙuri. Sai ya tambaye ni, "Uwata, a cikinsu mutum nawa kika san sunansa?" Na lissafa, marasa jin kawai na sani, su ma da yawa da laƙabi. Ya ce shi a zamaninsa ya san uban kowane yaro da gonarsu, amma ba zai yi min ƙarya ba, bai taɓa riƙe aji mai mutum ɗari ba, don haka ba shi da wata dabara da zai ba ni. Ya dai tuna min da Anas ɗan Malik, da ya yi shekara goma yana yi wa Annabi (SAW) hidima tun yana yaro, ya ce ko "uf" bai taɓa ce masa ba. Na ce Baba waɗannan fa ba Anas ba ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce ke ma ai ba a ce ki kai can ba.

A hunturun farkon 2018 muryar ta ɗauke. Da ma ta daɗe a dishe, ranar kawai na buɗe baki ina tsakiyar bayani sai iska ta fito. Aka tura ni wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ya zura wata 'yar kyamara ya duba, ya ce wasu 'yan ƙulli ne suka fito min a igiyoyin murya guda biyun, kamar kantar da ke fitowa manomi a tafin hannu, saboda yawan gogayya. Ya ce malamai da mawaƙa da masu wa'azi su suka fi zuwa masa da shi. Maganin shi ne hutun murya, shan ruwa sosai, ban da ihu, ban da yawan gyaran murya, raɗa ma ya hana ni, wai ita ma wahalar da igiyoyin take. In na ƙi ji kuma abin zai iya kaiwa ga aiki. Na fito daga asibitin ina tunanin to shi kenan, Allah ya raba ni da ajin nan cikin mutunci.

Amma da hutun da aka ba ni ya ƙare sai na kasa zama. Ban san yadda zan bayyana ba, wani abu ne kamar haushi, wato yaran nan su ci ni da yaƙi kenan har su kore ni? Jarrabawa ta matso kuma babu wanda aka saka a madadina. Na ce zan koma in dinga rubuta komai a allo, magana sai ta kama dole.

Ranar da na koma na rubuta umarni da Turanci, su buɗe littafi su amsa tambayoyi uku. 'Yan gaba suka fara, baya ana ta hira. Sai na goge na rubuta da Hausa, da manyan baƙi: DUK WANDA YA KARANTA WANNAN YA ƊORA HANNUNSA A KA. Na koma gefe na tsaya. Hannaye suka fara hawa daga gaba, tsakiya jefi-jefi. 'Yan baya suna ta dariya suna tambayar me ake yi, sai da suka ga kowa ya ɗora sannan suka ɗora su ma. Na goge, na rubuta wani, wanda ya karanta ya miƙe tsaye. Haka aka sake yi, suna kallon na gabansu suna kwaikwaya. Jikina ya yi sanyi. Hausa ce fa, harshen da suke zagin juna da shi.

Daga ranar na fara kiransu ɗaya bayan ɗaya baranda lokacin tara, in miƙa wa yaro takarda mai jimla biyu ta Hausa in nuna masa da yatsa. Da aka zo kan monita ya taho yana tafiyar nan tasu ta ƙasaita, ya karɓi takardar, ya ce rana tana haske masa ido. Muka koma inuwa. Ya ce rubutun ya yi ƙanana. Na ba shi mai manya. Ya daɗe yana kallonta, gumi ya feso masa a goshi cikin sanyin nan, sai ya waiga ya ga ba kowa kusa, ya rage murya ya ce, "Malama don girman Allah kar ki faɗa wa kowa." Ranar ce farko da ya kira ni Malama ba Anti ba. Abin da ya ɗaure min kai, littafinsa na Soshiyal cike yake da not, rubutu mai kyau tsaf-tsaf. Ashe zana shi yake, harafi bayan harafi, bai san me ya rubuta ba. Shekara takwas yana zuwa makaranta.

Da na gama zagayen sai na ga wajen kashi ɗaya cikin uku na ajin ba sa iya haɗa baƙi, kuma kusan duk shugabannin gurnani a cikinsu suke. In ka duba ba abin mamaki ba ne. Yaro ya yi firamare a aji mai cunkoso irin wannan, duk shekara a ciyar da shi gaba ko ya iya ko bai iya ba, a ƙa'idar lokacin daga aji huɗu karatu ya koma Turanci alhali ko da Hausar bai iya karantawa ba, ya zo sakandare ana yi masa bayanin tsarin mulki da Turanci. Ka zaunar da saurayi ɗan shekara 17 a ƙasa tun safe har azahar yana jin abin da bai gane ko kalma ɗaya ba, kullum gabansa na faɗuwa kar a ce ya tashi ya karanta a gaban yaran da ya girme wa. Hausawa sun gama magana, tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Gara a ce masa ɗan iska da a ce masa daƙiƙi, ɗan iska ko ba komai ana tsoronsa. Sai na tuna duk ranar da na ce za a yi karatu ɗaya bayan ɗaya, ranar ce rigima take ɓarkewa kafin layi ya iso baya. Kuma in na kori yaro waje, abin da yake nema kenan na ba shi.

Kar wani ya ɗauka duk rashin ji rashin iya karatu ne, a'a. Da na rufe bakina na fara kallo sai na ga kala-kala ne. Akwai masu ƙoƙari da suke gama aiki cikin minti biyar su rasa abin yi sai tsokana. Akwai wanda bai karya ba, in an fita tara yana kallon masu sayen awara da gurasa, in an dawo ko kallonsa ka yi faɗa ne. Akwai masu aikin dare, wankin Adaidaita Sahu, tura ruwa, zaman shago, su barci ne nasu kuma ban ga amfanin dukan mai barci ba. Sannan akwai 'yan ƙalilan da in sun tsallaka katanga sun dawo za ka ga ido ya kaɗa, baki ya yi nauyi, sholisho ko sirof. A shekarar ce ma, watan Mayun 2018, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan rahoton nan na BBC da ya tayar da hankalin kowa. Waɗannan ba aikin malamar Soshiyal ba ne ita kaɗai, su sai da iyaye da mai unguwa, wani lokacin ma duk a haɗu a kasa. Amma dai a ce duka waɗannan maganinsu ɗaya, dorina, wannan kam ban yarda ba.

Maigidana ya sayo min 'yar sifikar nan da ake ratayawa a ƙugu mai makirfo a gefen baki. Ranar da na shiga da ita wani daga baya ya ce, "Ga mai maganin basir ta iso!" Ajin ya kwashe, ni ma wallahi dariyar ta ƙwace min, na ce a hankali cikin makirfo, saura na shawara da na sanyi, wa zai saya? Sunan ya bi ni har suka gama makarantar, ban taɓa hanawa ba. Tun daga ranar wani abu ya sassauta tsakanina da su.

Na daina shiga aji in tarar da su, ni nake riga su, in tsaya a bakin ƙofa bayan asambuli ko bayan tara, kowa ya wuce ta gabana, kuma kafin su shigo akwai ɗan aiki a allo da kowa zai iya, ko da zane ne ko kwafa, don na lura minti biyar ɗin farko in suka kuɓuce to darasin ya tafi. Sunaye na haddace su da rajista a gida kamar mai tilawa, layi-layi. Bambancin "kai mai jar hula" da kiran yaro da sunansa da na babansa, cikin sanyin murya, sai wanda ya gwada. Na daina tsayawa a gaban allo, yawo nake cikin ajin duk da ba hanya sai ana ɗage ƙafa, in gurnani ya fara ba na cewa komai, sai in taka in je in tsaya a tsakiyar 'yan baya in ci gaba da darasi daga can. Da wuya mutum ya yi gurnani kana tsaye a kansa. In yaro ya yi min rashin kunya ba na musu da shi a gaban abokansa, don a nan ko zai mutu ba zai sauko ba, sai in ce ka same ni in an tashi, kuma lallai in neme shi ko da na gaji, don in ka faɗa sau ɗaya baka cika ba sun gama da kai. Hukuncin ƙarami ne, shara, goge allo, ɗebo ruwan tulun aji, amma wanda ya yi shi kaɗai zai ɗauka. Na roƙi malamin horo ya daina fitar min da aji gaba ɗaya, bai ji daɗi ba, ya ce zan dawo in neme shi. Na nemi shi kuwa, a kan manyan abubuwa irin sata da dambe da makami, waɗannan ba na wasa da su.

Shi monita ban sauke shi a gaban jama'a ba. Na raba aikin ne, kowane layi da shugabansa, babu tsumagiya babu rubuta suna, shi kuma na ba shi riƙon sifika, tunda a shagon caji da gyaran waya yake zama da yamma, shi yake tafiya da ita ya cajo, ranar da wayarta ta tsinke shi ya yi mata liƙi. Maganar kuɗin yara mun yi ta ni da shi mu biyu, bai musa ba.

Karatun kuma da sassafe muka saka shi kafin asambuli, don in an tashi kowa wajen nema yake tafiya. Ban kira shi ajin koyon karatu ba, ai ba wanda zai zo, na ce lesin ne na shirin jarrabawa na manya zalla. Abin da ya taimake ni shi ne yawancinsu sun yi makarantar allo ko Islamiyya, sun san babbaƙu da farfaru. Sai na rubuta harafin ba na Larabci da wasalin sama, da na ƙasa, da rufu'a, a ƙarƙashin kowanne in sa ba, bi, bu na boko. Wani ya ce, "Au, wai da ma shi kenan?" Na ce shi kenan, sai e da o da za mu ƙara. Daga gaɓa muka koma kalma, baba, tuwo, keke, daga nan sunayen unguwanni da na 'yan ƙwallo, don in ka rubuta sunan ɗan wasan Barcelona ko na Kano Pillars ko wanda bai iya ba sai ya yi ƙoƙari. Ba duka suka dage ba, wasu sun zo sun gudu, ni ma akwai safiyar da yaro ba lafiya ko abin hawa ya hana ni isowa. Amma kafin ƙarshen shekarar da yawansu suna karanta Hausa, da ƙyar da gargada dai, Turanci kuma sai a hankali. Ajin bai zama na waliyyai ba, hayaniya tana nan, mutum 120 ko numfashi suke ai ƙara ce. Gurnanin ne dai ya mutu.

Iyaye ma na sha kallo. Wani uba da na kira, kafin in buɗe baki ya ce, "Malama ki zane shi, in kin karya shi ni zan kai shi ɗori." Na ce Alhaji ba laifi ya yi ba, so nake a dinga barinsa ya fito da wuri. Wata uwa na kira ta a waya don kawai in faɗa mata ɗanta ya karanta shafi guda shi kaɗai, tana jin daga makaranta ne ta ce, "Innalillahi, me ya yi kuma?" Da na faɗa mata sai ta yi shiru, can na ji tana jan hanci. Ta ce tunda ta sa shi a makaranta ba a taɓa kiranta a kan alheri ba.

Akwai wanda har yau in na tuna shi raina yake ɓaci. Shi ya iya karatu sarai, yana cikin masu kaifin ƙwaƙwalwar ajin, maraya ne a hannun kakarsa, kuma manyan unguwarsu sun riga ni kama shi. Lokacin kamfen na zaɓen 2019 sai ya yi sati bai zo ba, in ya dawo da sabon takalmi da kuɗi a aljihu. Na yi masa magana, na je wajen kakar, tsohuwa ta ce ita ma tsoronsa take ji yanzu. Wata rana faɗan unguwa ya biyo su har aji, ina cikin darasi sai gani na yi yara suna tsalle ta taga, ya zaro wuƙa a kan wani. Ban san lokacin da na isa wajen ba, na kira sunansa, na miƙa hannu, jikina yana rawa har haƙorana suna haɗuwa. Ya kalle ni ya daɗe, bai ba ni ba, ya dai mayar da ita ƙugu ya fice. A taron malamai na roƙa a dakatar da shi kawai a kira mai unguwa, aka ce kora, kuma ban ga laifinsu ba, akwai 'ya'yan mutane sama da ɗari a ɗakin nan. Bayan shekaru na gan shi a wata mahaɗa cikin abokansa, ido jawur, yana ganina ya ɓoye abin da ke hannunsa a baya ya durƙusa har ƙasa, "Malama ina wuni." Na amsa, na tambayi kaka, ya ce ta rasu. A cikin Adaidaita na yi kukana.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa. 2019 gwamnatin jiha ta ayyana ilimi kyauta kuma dole, yara suka ƙaru. Watan Maris na 2020 korona ta sa aka rufe makarantu wata da watanni, da aka dawo wasu sun manta ɗan abin da suka iya, wasu sun kama sana'a ba su dawo ba sam. A shekarar ne kuma aka sallami rukuninmu na N-Power, na ci gaba da zuwa da ɗan abin da ƙungiyar iyaye da malamai take ba ni, ko kuɗin mota bai isa ba, har Allah ya sa daga baya na samu na dindindin. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuwa masu zuwa ba karin kumallo sun fi na da yawa, ina gani a fuskarsu tun kafin tara. A 2024 an ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar, mu dai fatanmu a kai ga raba azuzuwan nan, don duk dabarar malami akwai inda yawa yake fin ƙarfinta.

Muryata ta dawo ba a yi aiki ba, Alhamdulillah, sai dai duk hunturu tana dishewa kuma ban ƙara iya ɗaga ta kamar da ba, ko yarana zan kira daga tsakar gida sai dai in aika. Yanzu duk ajin da aka ba ni satin farko ba na taɓa silabus, gwajin baranda nake yi, mutum ɗaya-ɗaya. Sabuwar fitinar ita ce waya, ana darasi ana kallon TikTok a ƙarƙashin benci, har akwai wanda ya ɗauki wani malami bidiyo yana faɗa ya watsa, wannan har yanzu muna lalube.

Abin da nake bi a wannan zangon shi ne a ba mu safiya biyu a sati mu raba 'yan aji ɗaya gaba ɗayansu gwargwadon iya karatunsu, ba gwargwadon A da B da C ba, kowane malami ya ɗauki rukuni. Malamin Turanci ya yarda, malamar Islamiyya ma ta ce tana ciki. Na lissafi ya ce shi ba a ɗauke shi aiki don ya koyar da a ba ca da ba, kuma masu duba makarantu in sun zo silabus za su tambaye shi ba wannan ba, wanda gaskiya ne. Firinsifal ya ce mu kawo a rubuce a taron malamai mai zuwa, yanzu haka takardar nake haɗawa.